Turaren da Na Zuba a Injin Numfashina

Lokacin da abin nan ya same ni na ɗan haura shekara hamsin, ina zaune a Matamaye da maigidana da autarmu, kuma duk macen da ta taɓa aurar da 'ya a garin ta san ƙofar gidana ko da ba ta san fuskata ba. Ni mai haɗa humra da turaren wuta ce. A hannun mahaifiyata na koya, Allah ya jiƙanta, ita kuma a hannun tata uwar, Babarbariya da aure ya kawo ƙasarmu. Ba mu da mudu, ba mu da cokalin awo, ba mu taɓa cewa kaza na farce kaza na kajiji ba. Hanci ne ma'auninmu. Sai in buɗe kwalba in shaƙa sau ɗaya in ce wannan miski ya yi mata yawa, ko sandal bai kama ba a bar ta ta ƙara kwana. Mata na zuwa daga Dungu da Tsauni da Dawce, har daga Damagaram inda masu sana'ar suka fi mu yawa, su zauna a tabarmata suna jiran in sallame su. Ba zan ɓoye muku ba, Edita, ina ji da kaina a kan hancin nan. Haɗin gidanmu babu shi a ko'ina sai a cikinsa, don ko autar da ke gabana ban koya mata ba, kullum cewa nake akwai lokaci. Na rubuto muku ne don masu karatu su ji yadda na yi da wannan hanci da hannuna.

Akwai abin da na daɗe ina ɓoyewa, wanda mace ba ta son a ji ta da shi: ina minshari. Ba irin na gajiya ba, irin wanda maigidana ke cewa idan na fara har awakin maƙwabta miƙewa suke yi tsaye. Ina jin haushin wasan, sai in ce masa ai shi ma ba tsit yake kwana ba. Daga baya ya daina dariya. Ya ce ba ƙarar ke ba shi tsoro ba, shirun da ke biyo bayanta ne, don numfashina yakan ɗauke gaba ɗaya har sai ya girgiza ni in farka ina haki. Da safe kaina ya yi nauyi kamar an ɗora mini dutsen niƙa. Da hantsi ina zaune gaban kasko ina juya itacen turare sai barci ya sace ni, har wata rana turaren ya ƙone ƙurmus, gefen zanena ya kama da wuta. Ga ciwon sukari da na daɗe ina fama da shi, ga hawan jini, ga jiki ya yi nauyi. Babban ɗanmu da ke aiki a Yamai ya ji labarin zanen, ya bugo waya ya ce ba shawara yake ba mu ba, in shigo mota in zo. Can aka kwantar da ni a wani asibiti, aka liƙa mini wayoyi a jiki na kwana da su. Likita ya ce maƙogwarona ne ke rufewa idan na yi barci, kuma in aka bar shi haka zuciya ce za ta gaji, ko wata safiya a tashe ni a ga ba na motsi.

Maganin, in ji shi, ba ƙwaya ba ce ba kuma allura ba, inji ne. Ɗan akwati ne da bai wuce girman rediyo ba, da dogon tiyo, da wani abin roba da ake ɗaurawa a hanci ta bayan kai. Shi ke hura iska a hankali duk tsawon barci don kada hanyar numfashi ta rufe. A gefensa akwai ɗan kofin roba mai murfi da ake zuba wa ruwa, injin ya ɗumama shi, iskar ta bi ta kansa ta ɗauki laima kafin ta shiga hanci. Likitan ya yi bayani dalla-dalla da Faransanci, ɗana yana maida mini Hausa. Ya ce ruwa mai tsabta kaɗai, wanda aka tafasa ya huce, a zubar da ragowar kowace safiya, a wanke kofin da tiyon da sabulu a shanya su a inuwa su bushe, kuma kada a saka komai a cikin ruwan. Ya maimaita kalmar komai ɗin nan yana kallona. Na ce to. Gaskiya da kunne ɗaya nake jin sa, hankalina yana kan yadda zan kwanta gaban mijina da wannan abu a fuska. Da muka dawo, ɗana ya sa aka kafa mana fano mai kama hasken rana a kan rufi da batir, don kada ɗaukewar wuta ta tsayar da injin. Maigida kuwa tun ganin farko ya raɗa wa abin suna takunkumin raƙumi, sunan ya bi shi har yau.

In faɗi gaskiya, injin ya yi aikinsa. Cikin 'yan kwanaki na san abin da ake kira barci, wanda na manta shi shekaru. Ina tashi garau, ciwon kan safe ya tafi, gyangyaɗin gaban kasko ya tafi, maigida ya ce gidan ya yi shiru har yana kewar ƙarata. Amma kunya ba ta bar ni ba. Ɗakina ɗakin ciniki ne, mata na shiga har ƙuryar gado suna shinshinar kwalabe, ni kuwa ba na son a fita da labarin cewa Hajiya mai humra da inji take kwana. Saboda haka da na idar da sallar asuba sai in naɗe tiyon, in haɗa shi da injin in cusa cikin akwatin ƙarfe, in rufe, in tura ƙarƙashin gado. Shanya tiyo a tsakar gida inda kowa zai gani ya tambaya, wannan ban taɓa yin sa ba ko sau ɗaya. Da farko ina ɗauraye kofin a ɓoye, daga baya hakan ma ya zama sai na tuna.

Sai hancin ya fara. Da farko bushewa ce, in tashi in ji cikinsa yana raɗaɗi kamar na shaƙi barkono. Sannan atishawa, sannan toshewa, da wani nauyi a goshi da saman kumatu wanda yake ƙaruwa idan na sunkuya. Wata safiya in fyace in ga ɗan jini. Duk wannan zan iya jurewa, mace ce ni da ta haihu ba sau ɗaya ba. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne ƙamshi ya fara yi mini nisa. Sai in buɗe kwalba in ji shi kamar daga gidan maƙwabta yake fitowa. Wata tsohuwar mai sayayyata daga Tsauni ta dawo mini da humra, ta ce cikin ladabi ko Hajiya ta yi sauri ne wannan karon, don jawul ya danne komai. Na shaƙa ban ji abin da take faɗa ba, na ce hancinta ne ya tsufa, muka yi dariya. Bayan ta fita na sake buɗe kwalbar na shaƙa, ban dai ji jawul ɗin ba. A daidai lokacin aka sa ranar auren autata, bayan ƙaramar Salla, tsakiyar zafi. Ni da na ƙamsasa 'ya'yan mutane ba iyaka, na rantse a raina cewa humrar 'yata sai an yi shekaru ana labarinta a Matamaye. Ga hancin da zai yi aikin yana neman ya juya mini baya.

Abin da ya kamata in yi a bayyane yake, in ɗaga waya in gaya wa ɗana ya tambayi likita. Ban yi ba. Ina tsoron a ce in dawo Yamai in bar aiki, kuma can cikin raina ina ganin in dai maganar hanci ce da ƙamshi, wane likita ne zai koya mini? Mu da muka tashi muna surace idan mura ta kama mu, a tafasa kanumfari da citta da na'ana'a a lulluɓa da bargo a shaƙi tururi. Da na dubi kofin nan da ke ɗumama ruwa yana tura tururinsa cikin hanci, sai na ga ai tukunyar surace ce Turawa suka ƙera ba su sani ba. Na dafa kanumfari da na'ana'a na tace, na zuba. Na ɗiga man habbatussauda. Da yake warin robar nan ya daɗe yana damuna, sai na ƙara da ɗigon madarar turare, daga baya har da 'yar humra. Washegari na tashi hancina a buɗe, fuskata tana ƙamshi, na yi wa kaina kirari a zuci. Ko maigida da ya shigo sai da ya ce yau raƙumin ya zama amarya.

A nan ne sana'ata ta cuce ni, kuma sai wanda ya san aikin humra zai gane. A gidanmu akwai babbar kwalbar da ake tsima haɗi a ciki, kuma ba a wanke ta. Ba a taɓa wanke ta ba tun zamanin kakata. Idan aka kwashe, sai a bar na ƙasa a zuba sabo a kansa, don tsohon ne ke nuna sabon, kuma duk wadda ta sa wa kwalbar nan sabulu ta kashe ta. Da wannan na girma, hannuna bai san wata hanya ba. Saboda haka da na ga ɗan maiƙo ya kwanta a ƙasan kofin injin, ban ga ƙazanta ba, na ga haɗi ne ya fara kamawa. Na daina zubar da ragowar. Kullum da yamma sai in ƙara sabo a kan tsoho, kullum da safe in rufe shi da laimarsa cikin akwatin ƙarfe, a ɗakin kwano, a zafin bazarar da ko randa ba ta iya riƙe sanyi. Haka na yi ta yi har watan azumi ya shiga ya fita.

Buɗewar hancin ba ta daɗe ba. Ya koma ya toshe fiye da da, ni kuma na ƙara yawan abin da nake zubawa. Ranar kasuwa na aika aka sayo mini maganin ɗigawa a hanci wurin masu tallar magani a faranti. Idan na ɗiga sai ya buɗe nan take in samu in yi aiki, kafin azahar ya rufe ruf, in sake ɗigawa, har ya zama kwalbar maganin tana ƙulle a bakin zanena. A 'yan lokutan da yake buɗewa nake haɗa humrar amarya, ina sauri kamar mai satar abin kaina. Sukarina kuma ya hau, don tsakanin hidimar azumi da ta biki na yi watsi da ƙwayoyina da ƙa'idar abinci, kunu da sukari, fanke, duk abin da ya zo hannu.

Sai na fara jin wari. Wani irin wari ne kamar ɓera ya mutu a bayan kaya. Na sa aka fitar da komai na ɗakin, aka ɗaga gado, aka kaɗe katifa, aka share, na banka turare har hayaƙi yana fita ta taga. Warin yana nan. Na shiga kicin yana nan, na fita tsakar gida yana nan, na tsaya sallah yana nan. Na tambayi autata ta ce ita ƙamshi kaɗai take ji. Na tambayi maigida ya ce haka. A wurin alwala, da na shaƙa ruwa na fyace, na ga wani abu baƙi ya fito kamar ɓawon gawayi, sai a lokacin na gane cewa warin daga cikina yake. Na daɗe tsugune da buta a hannu. Ban gaya wa kowa ba. Bayan kwana biyu kuncina na hagu ya fara mutuwa, in taɓa shi in ji kamar fatar wani nake taɓawa, haƙoran sama na gefen suna yi mini tsami, ciwon kai kuma ya tattara ya zauna a bayan idona.

Kun san zuciyar ɗan Adam. Maimakon in tuhumi kofin da ke ƙarƙashin gadona, sai na tuhumi mutane. Na ce baki ne, an ga sana'a tana tafiya, an ga biki ya ƙarato. Har na fara lissafa a raina matan da suka taɓa yaba hancina ba su ce masha Allah ba. Allah ya yafe mini zaton da na yi wa bayinsa. Maigida ya lura fuskata ta ɗan kumbura gefe guda, ya ce mu tafi Damagaram a duba ni. Na ce haƙori ne. Ya sake magana washegari, na ce bayan biki. Da ya matsa na hau shi da faɗa, na ce so yake a ce uwar amarya tana asibiti dangin ango suna shigowa, kuma wa zai ƙarasa haɗin in na tafi? Mutum ne mai haƙuri, ya tashi ya fita. Amma na ga yadda ya tsaya a bakin ƙofa ya waiwayo ya dube ni, irin kallon da ake yi wa mai shirin doguwar tafiya. Har yanzu ina tuna kallon nan.

Ana saura 'yan kwanaki a sa amarya a lalle babban ɗana ya iso daga Yamai. Ko zama bai yi ba ya tambayi abin da ya samu fuskata, na ba shi amsar haƙori. Sai ya nemi in nuna masa injin. Na ce yana nan lafiya lau. Ya durƙusa da kansa ya jawo akwatin, ya fito da shi tsakar gida cikin rana, gaban 'yan uwan da suka fara taruwa, abin da na yi watanni ina gudu. Da ya buɗe murfin kofin sai ya kau da kai da sauri ya toshe hanci. Ni ban ji komai ba, amma na gani. Ruwan ya zama kamar tsohon kunu, maiƙo yana yawo a sama, gefen kofin ya yi baƙi da kore. Ya ɗaga tiyon ya saita shi da rana, sai ga cikinsa duk ɗigo-ɗigon baƙi tun daga farko har ƙarshe, fumfuna ce irin wadda ke fitowa a jikin tuwon da aka manta a kwano. Ya tambaye ni tun yaushe. Na faɗa masa. Yaron nan da bai taɓa ɗaga mini murya ba ya zauna a ƙasa ya dafe kai, ya ce Inna, wannan kike shaƙa kullum har gari ya waye, injin yana tura miki shi da ƙarfi? 

Duk da haka na ce sai an ɗaura aure. Allah bai bar ni na kai ba. Washegari da hantsi ina ɗura humrar amarya a ƙananan kwalabe sai na ga kwalba ɗaya ta zama biyu. Na murza ido, na hagun ya ƙi juyawa daidai, fatarsa ta kumbura ta yi nauyi, zazzaɓi ya rufe ni. Ban san lokacin da aka ɗauke ni ba. Na dai tuna hanyar Damagaram, kaina a cinyar ƙanwata, maigida a gaba yana ta salati. A can suka duba cikin hancina da fitila, suka yi hoton kai, likitan ya fita da ɗana waje suka daɗe. Da suka dawo aka ce ba a nan za a yi aikin ba, kuma ba za a jira gobe ba. Haka aka wuce da ni Yamai. An ɗaura auren autata ina kwance ba na sanin wanda ke kaina, don maigida ya ce kada a ɗaga, ni ma abin da zan so ke nan. Ƙannena ne suka kai ta ɗaki. An ce tana kuka ana shafa mata humrar da na haɗa.

Likitan da ya yi mini aiki ya zauna da ni bayan na farfaɗo. Bai yi mini faɗa ba, da ya yi ma da ya fi mini sauƙi. Ya ce akwai koguna a cikin ƙashin fuska, bayan kumatu da goshi, kuma turare da man da nake zubawa sun ƙona fatar cikinsu ta yi rauni, maganin ɗigawa ya ƙara busar da ita, sannan fumfunar da ta girma a kofi da tiyo ta samu ƙofa a buɗe. Ga sukari ya hau, jiki ba shi da ƙarfin faɗa. Ya ce abin yana cin nama ne yana hawa sama, ya riga ya kai bakin ido, bayan ido kuwa ƙwaƙwalwa ce. Sun kankare duk abin da ya mutu, har da ƙashi kaɗan. Na yi makonni ana ɗura mini magani ta jijiya, mai sa jijjiga da amai. Ido ya tsira, rai ya tsira, alhamdu lillahi. Da na tambaye shi ƙamshi fa, sai ya ce wurin da ke jin ƙamshi yana can saman hanci, kuma yana cikin abin da cutar ta ci. Ya ce kada in sa rai, amma Allah ne mai yi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da aka kawo sabon tiyo da sabon kofi, wata ma'aikaciyar asibitin ta tambayi yadda abin ya faro, na ba ta labarin bushewa da toshewar farko. Ta ce ai wannan kusan kowa yana yin sa, kuma gyaransa ba wuya. Ta murɗa wani ɗan maɓalli ta ƙara laimar iskar, ta gyara zaman robar don kada iska ta riƙa zurarewa, ta nuna mini yadda ake wanke hanci da ruwan gishiri mai tsabta safe da yamma. Shi ke nan. Tun daga ranar nake kwana da injin ba raɗaɗi ba toshewa. Yanzu tiyona a igiyar shanya yake wuni, a inuwar itacen bedi, duk mai son tambaya ta tambaya in ba ta amsa. Da wannan 'yar tambayar na yi tun farko, da ban rubuto muku wannan wasiƙa ba.

Na dawo gida na jira. Kullum da safe in ɗauki wani abu in kai hanci, albasa, daddawa, kananzir, ko zan ji ko da ɗan alama. Babu. Abinci ya zama gishiri da zaƙi da yaji kawai. Tuwo ya taɓa ƙonewa ina zaune kusa da murhu sai da maƙwabciya ta leƙo ta katanga. Ruwan farko na damina ya sauka, kowa yana faɗin ƙamshin ƙasa, ni ina tsaye a ƙofar ɗaki ina kallon laka. Masu sayayya suka ci gaba da zuwa na ɗan lokaci, don kara, ina haɗa musu da abin da hannu ya tuna. Sannu a hankali ƙafa ta ɗauke, ban kuma ga laifinsu ba.

Autata ce ta ce ba za ta bar abin ya mutu ba. Ta riƙa zuwa daga gidan mijinta, ina zaune ina faɗa mata, tana soya farce, tana daka, tana zubawa. Yarinyar tana da hanci, na ga alama tun tana ƙarama, ni ce na yi ta jan ƙafa. Amma me zan faɗa mata? In ce ƙara kaɗan, ta ce kaɗan kamar yaya, in ce har sai ya yi, ta ce yaya ake sanin ya yi. Amsar ba a baki take ba, mahaifiyata ma ba da baki ta ba ni ba, kwalba take miƙo mini ta ce shaƙi nan, wannan ne, riƙe shi. Ranar da haɗinta na farko ya tsimu, ta buɗe ta shaƙa, fuskarta ta washe, ta taso da gudu ta kara mini kwalbar a hanci tana tambaya ko ya yi. Ta manta ne. Muka tsaya haka, ita riƙe da kwalba, ni ina jan iska, har ta tuna, ta janye kwalbar. Na aika aka kira tsohuwar nan ta Tsauni, don ta fi shekara talatin tana shafa humrarmu. Ta shaƙa, ta daɗe, ta shafa a bayan hannu ta sake shaƙa. Ta ce ƙamshi kam masha Allah, yarinya ta iya, za ta ci abinci da shi. Na ce ba wannan na tambaye ta ba, so nake in ji ko ƙamshin gidanmu ne. Sai ta sunkuyar da kai ta ce ba shi ba ne.

Ina kira ga duk wanda Allah ya jarrabce shi da kwana da injin nan, ko yake jinyar mai kwana da shi, musamman masu ciwon sukari irina. Injin ba maƙiyi ba ne, shi ya riƙe mini rai har yau. Idan hanci ya bushe ko ya toshe, ku koma wurin wanda ya ba ku shi ku faɗa, kada ku yi masa dabarar gida. Kada ku zuba turare, ko mai, ko ruwan surace, komai kyawun niyya. Ku zubar da ruwan jiya, ku wanke, ku shanya ko da duk unguwa za ta gani. Idan kuka ga baƙin abu ya fito daga hanci, ko kuka ji warin da ba mai ji sai ku, ko fuska ta mutu gefe guda, babu bikin da ya kai a jira shi. Ni na ɗauka gwanintata a abu ɗaya ta sa na san komai da ya shafi hanci, kuma na fi tsoron bakin mata a kan maganar likita. Ku kuma masu sana'ar hannu, abin da kuka gada ku miƙa shi tun kuna iyawa. Na yi zaton ko hanci ya tafi zuciya za ta riƙe ƙamshin, ashe ba haka ba ne. Shekarar farko ina iya tuno shi in na rufe ido. Yanzu ina nema ba na samu, kuma babu wanda ya rage a duniya da zan ce ya tuna mini.